Inda Ake Samun Lambar Siriyal a Jikin Turombon

Duk wanda ya taɓa karɓar makullin siton makaranta daga hannun malamin da aka yi wa canjin wurin aiki ya san irin takardar da ake miƙa masa. Ganga kaza, begila kaza, turombon biyu. Iyakar abin da aka rubuta ke nan. Babu sunan kamfani, babu lamba, babu wata alama da za ta raba waɗannan biyun da dubban irinsu da ke duniya. Idan wata rana aka ba da aron mai kyau aka dawo da marar kyau, takardar ba za ta tona komai ba, tunda har yanzu biyu ne a sito. Alhali abin da zai hana wannan asara yana nan a jikin kayan tun ranar da aka ƙera shi. Wata 'yar lamba ce da kamfani yake bugawa a jikin ƙarfen, wadda ake kira lambar siriyal, kuma mafi yawan masu riƙe da kayan ba su taɓa ganinta ba.

Turombon shi ne ƙahon nan na 'yan badujala wanda mai busa yake tura dogon bututu gaba ya janyo shi baya, sauti yana sauka yana hawa. A Zamfara ba kowace unguwa ake ganinsa ba. Kunnenmu ya fi sabawa da kakaki da algaita a ƙofar fadar Sarkin Katsinan Gusau, ko ta 'Yandoton Tsafe, ko ta Sarkin Fulanin Bungudu. Shi turombon ɗan filin fareti ne. Za ka ji shi wurin sojoji da 'yan sanda ranar 15 ga Janairu da ake tunawa da 'yan mazan jiya, da ranar yara ta 27 ga Mayu, da 1 ga Oktoba wadda a wurinmu biki biyu ce, domin a ranar ce aka ƙirƙiro jihar a 1996. Masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda aka gina musu sansani a Tsafe, su ma suna da nasu 'yan badujala, haka wasu makarantun sakandare da matasan birged na majami'u. Daga waje ake shigo da kayan, da kuɗin waje ake biya, saboda haka wanda ya ɓata ko aka musanya yakan ɗauki shekaru ba a mai da gurbinsa ba.

Ba wanda zai sayi babur na hannu a Bungudu bai durƙusa ya duba lambar shasi da ta inji ya gwada su da takarda ba. To haka lambar siriyal take ga turombon, har ma da wannan batu na wuri biyu, domin shi ma gida biyu ne ake haɗawa.

Daga nan ya kamata a fara, wato sanin gidajen nan biyu. Na farko shi ne mai faffaɗan baki, wanda yake hawa kafaɗar mai busa ya lanƙwaso ya fuskanci gaba. Na biyu shi ne silaid, dogayen bututun nan da ake turawa ana janyowa, na ciki biyu da na waje biyu. Akwai kuma ɗan ƙoƙon busa da ake ɗora leɓe a kai, wanda ake cusawa a saman silaid. Inda gidajen biyu suka haɗu akwai zobe mai tiredi da ake murɗawa ya ɗaure su. Ka riƙe wannan mahaɗa a ranka, domin a kewayenta aka fi samun abin da muke nema.

Kafin ka taɓa komai, shimfiɗa tabarma ko zane mai kauri, ka zauna ƙasa. Ina nanata wannan ne saboda silaid. Bututunsa sirara ne ƙwarai, kuma tazarar da ke tsakanin na ciki da na waje ba ta kai a gani da ido ba. Lotsawa ɗaya, ko da ƙarama ce, ta isa ta sa ya riƙa cijewa, kuma gyaran silaid shi ne mafi wuya a duk jikin kayan. A samansa, kusa da inda ake sa ƙoƙon busa, akwai wani ɗan zobe na kulle. Murɗa shi ka tabbatar ya kama kafin ka ɗaga, in ba haka ba na wajen zai zame ya bugi ƙasa. Kullum ka riƙe ta sandunan da suka gitta tsakanin bututun, kada ka damƙi bututun da kansu.

Sai ka cire ƙoƙon busa da 'yar murɗawa a hankali. Idan ya cije, bar shi yadda yake, ba zai hana ka ganin lamba ba. Kada ka ɗauko filaya, don ita ce take murɗe bututun da ke ƙarƙashinsa ta ɓalle liƙin. Daga nan ka kwance zoben mahaɗa, ka raba gidajen biyu, ka kwantar da silaid gefe inda ba mai takawa.

Yanzu ɗauki mai faffaɗan baki. Dubi ɗan gajeren bututun nan mai kauri wanda ƙafar silaid take shiga cikinsa. Ka matsa bakin ƙofa ko taga inda haske yake zuwa daga gefe ɗaya, ka riƙa juya ƙarfen sannu a hankali har ka kewaye shi duka. Hasken tsakar rana da ke sauka kai tsaye ba ya taimako, ƙyallin tagulla ne kawai zai cika maka ido. Wanda ya zo a karkace shi ne yake jefa inuwa cikin ramin kowane adadi ya fito da shi. Da dare tocilar waya tana yin wannan aiki idan ka kwantar da ita kusan daidai da jikin ƙarfen. Adadin ƙanana ne, tsayinsu bai fi milimita biyu ko uku ba, kuma sau da yawa suna can ta ƙasa ko ta bayan bututun, ɓangaren da yake fuskantar wuyan mai busa. A kayan Yamaha na Japan galibi a nan ake samun lambar, tare da lambar samfuri. Tsofaffin Conn da King na Amurka ma nan ne wurin da za a fara dubawa.

Ko ka samu ko ba ka samu ba, ajiye wannan ka ɗauki silaid. A samansa akwai wasu gajerun bututu biyu masu kauri, ɗaya shi ne yake karɓar ƙoƙon busa, ɗayan kuma shi ne yake kaiwa ga mahaɗa. Kewaye kowannensu da ido kamar yadda ka yi ɗazu. Kamfanin Bach ya saba buga lambarsa a nan, a jikin silaid, ya bar faffaɗan bakin da suna da lambar samfuri kawai. Sai ka duba sandunan riƙo guda biyu da gindinsu inda aka liƙa su. Bayan haka ka buɗe kulle, ka ja silaid na waje kamar taƙi ɗaya, ka duba bakinsa na sama. Wasu tsofaffin kamfanoni sukan sake buga lambar a nan, ko dukkanta ko adadinta uku na ƙarshe, don kada ma'aikata su rikita gidan wannan da na wancan a masana'anta.

Sauran wuraren ba su da yawa. Idan turombon ɗin mai bawul ne da ake dannawa da babban yatsa, duba jikin gidan bawul ɗin. Idan irin mai maɓallai uku ne wanda ba a ja, duba jikin maɓallin tsakiya, inda ake samunta a yawancin ƙahonin badujala masu maɓallai. A wasu tsofaffin kayan Ingila kuwa lambar tana kan faffaɗan bakin, ƙarƙashin sunan kamfani.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne bayan an ga lamba. Jikin turombon cike yake da rubuce-rubuce, kuma mutum yakan rubuta ta farko da idonsa ya faɗa a kai ya rufe littafi. Wadda ta fi yaudarar mutane ita ce ta jikin ƙoƙon busa, irin su 12C ko 6½AL ko 48. Wannan girman ƙoƙon ne kawai, faɗinsa da zurfinsa, kuma shi ƙoƙon ma ana sayensa daban, yana iya zama na wani kamfani. Sai lambar samfuri, kamar YSL-354 na Yamaha, ko 88H na Conn, ko 42 na Bach, ko 3B na King. Tana da amfani, a rubuta ta, amma duk turombon da aka ƙera a wannan fasali ita yake ɗauke da ita. Wani lokaci za ka ga .500 ko .547, wannan faɗin ramin bututu ne a ma'aunin inci. Idan ka ga PAT. gaban wasu adadi, lambar rajistar haƙƙin ƙirƙira ce. Akwai kuma lambar da wata ma'aikata ko makaranta ta rubuta da fenti ko ta zana da ƙusa, wadda za ka gane ta daga rashin daidaiton hannu.

Ita lambar siriyal galibi adadi huɗu ne zuwa bakwai a jere, wani lokaci da harafi a gaba, kamar yadda Conn ya riƙa yi a shekarun 1960. Bugawa ake yi da ƙarfe, don haka ba ta da ado irin na sunan kamfani. Idan kana da turombon biyu na kamfani ɗaya kuma samfuri ɗaya, akwai gwaji mai sauƙi da ba ya ƙarya. Jera su, ka gwada rubutun wannan da na wancan wuri bayan wuri. Duk lambar da ta zo ɗaya a jikin su biyun ba ita ba ce. Wadda ta bambanta ita ce siriyal.

Sau da yawa lambar tana nan amma ba ta karantuwa, kuma akwai dalili. Hannun hagu na mai busa a daidai wannan mahaɗa yake damƙa. Gumi yana cin shafen da ke sa tagulla ƙyalli, ya bar kore-kore a kai, ƙurar hunturu ta zo ta haɗu da man da ake shafa wa silaid ta cike ramin adadin. A nan ne gaggawa take yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Mu mun saba wanke ƙarfe da toka da yashi da soson ƙarfe, wani ma ya kawo samfefa. Zurfin bugun lambar nan kaɗan ne. Gogawar minti biyu da samfefa za ta fitar da ƙyalli ta tafi da lambar har abada. Abin da ake bukata ruwa ne mai ɗumi, ba mai zafi ba, don tafasasshen ruwa yana ɗaye shafen. A sa sabulu kaɗan, a goga da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a share da tsumma mai tsabta, a bari ya bushe.

Idan har yanzu da duhu, ɗauki alli ka murza a wurin, sannan ka shafe saman da yatsa. Garin allin zai zauna a cikin ramukan, adadin su fito fari a kan ja. Wata dabarar ita ce a naɗa siririyar takarda a kan bututun a riƙa goga gefen bakin fensir a hankali har siffar ta bayyana. Sai a ɗauki hoto da waya, da haske a karkace, a buɗa hoton a duba. Adadin da suka fi rikitarwa su ne 3 da 8, 1 da 7, 5 da 6, sai harafin B da 8. Shawarar da nake ba kowa ita ce mutum biyu su karanta, kowa shi kaɗai. Malam ya rubuta tasa ya kife takarda, sannan ya kira ɗalibi mai kaifin ido ya ce, "Zo nan, ɗana, karanto mini abin da ka gani." Kada ya faɗa masa abin da shi ya gani, don yaro ba zai so ya saɓa wa malaminsa ba, zai ce, "Haka ne, Malam," ko da idonsa ya nuna masa wani abu daban. Idan karatun biyu ya zo ɗaya, a shigar. Idan ya saɓa, a sake wankewa a sake dubawa.

To idan an sami lamba a gida biyu kuma ba su dace ba fa? Wannan yana faruwa fiye da yadda ake zato. An tashi daga fareti, yara sun gaji, rana ta yi zafi, kowa ya kwance nasa ya tura a akwatin da ya fi kusa. Silaid ɗin wannan ya koma gidan wancan. A ido duk ɗaya suke, amma kama da wane ba wane ba ce. Kowane kamfani da irin kaurin da yake yi wa ƙafar mahaɗa, har a kamfani ɗaya ma samfuri ya bambanta da samfuri. Sai ka ga zobe ya ƙi ɗauruwa sosai, baki yana lilo, iska tana zurarewa, sauti ya ƙi daidaita da na sauran, a yi ta ganin laifin yaron da yake busawa. Fara da buɗe sauran akwatunan da ke sitonku, sau da yawa abokin yana nan kusa. Idan babu, a tuntuɓi waɗanda aka yi fareti tare da su, da lambar a hannu. Magana da lamba ba ta zama zargi, kowa zai buɗe nasa akwati ya duba.

Lambar tana kuma iya faɗin shekarun kayan. Ga Conn da King da Bach akwai jadawalin da ke nuna lamba kaza zuwa kaza shekara kaza ce, ana samunsa a intanet. Tsofaffin littattafan masana'antar Boosey & Hawkes suna ajiye a gidan tarihi na Horniman da ke Landan. Yamaha bai fitar da irin wannan jadawali ga jama'a ba, sai dai a aika wa kamfanin lambar a tambaya. Kafin a je ko'ina ma, rubutun da ke kan faffaɗan baki yana ba da haske. Boosey & Co. da Hawkes & Son sun haɗe ne a 1930, don haka wanda yake ɗauke da sunan ɗayansu shi kaɗai ya doshi shekara ɗari ko ya wuce. Vincent Bach ya fara a New York a 1918, ya koma Mount Vernon a 1953, daga baya aikin ya koma Elkhart a tsakiyar shekarun 1960, kuma sunan garin yana kan bakin. Kayan King da aka rubuta wa H. N. White na kafin tsakiyar shekarun 1960 ne. Wanda aka rubuta wa Czechoslovakia, kamar na kamfanin Amati, ya riga 1993, shekarar da ƙasar ta rabu biyu. Wanda ya ce West Germany ko GDR bai wuce 1990 ba.

Sanin shekaru ba don sha'awa ba ne kawai. Har zuwa tsakiyar shekarun 1960 da yawa daga 'yan badujalar Ingila suna amfani da wani ma'aunin sauti da ya ɗara na yanzu tsayi kaɗan. Tsohon turombon da aka ƙera a wancan ma'auni yakan yi wuyar jituwa da sababbi sai an ƙara masa tsawon bututu. Idan ka ga haruffan L.P. kusa da lambar, an ƙera shi ne a ma'aunin da ake bi yau, hankalinka ya kwanta.

Saura wanda aka duba ko'ina ba a ga komai ba. Dalili uku ne. Na farko, da yawa daga masu araha da ake kawowa daga Sin, ko daga garin Meerut na Indiya inda ake ƙera kayan badujala masu yawa, ba a buga musu lamba tun asali. Wannan ba laifi ba ne. Na biyu, gyara ya ci ta. Da dalma ake liƙa sandunan turombon a wuta mai sauƙi, amma idan sanda ta ɓalle aka kai wa mai walda, wutarsa takan ƙone wurin, narkakken ƙarfe ya rufe lambar. Na uku shi ne wanda ya kamata mai saye ya yi hattara da shi. Idan a daidai inda lamba take zama ka ga wuri ya baje, yana ƙyalli fiye da kewayensa, da sawun zarto a kai, to da gangan aka goge. Tambayi mai sayarwa cikin ladabi, "Maigida, lambar da ke nan wurin fa?" Idan ba shi da rasit kuma ba shi da bayani mai gamsarwa, ni dai a ganina a bar masa kayansa, komai arahar. Wataƙila wata makaranta ce take can tana nema.

Da an sami lamba sai a rubuta nan take, a littafin da ba ya fita daga ofis. A sa sunan kamfani, lambar samfuri, siriyal na gidan baki, siriyal na silaid, duk wata lotsawa ko liƙi da ke jiki, da ranar da aka duba. A ɗauki hoton kowace lamba, a ba shugaban makaranta ko na ƙungiya kwafi ɗaya. Duk ranar da za a ba da aro, mai karɓa ya sa hannu a ƙarƙashin lambar, a kuma duba ta ranar dawowa kafin a rufe akwati. Haka idan za a ba direba a tasha ya bi da shi ta Tsafe da Funtuwa zuwa wurin mai gyara a Zariya ko Kaduna, lambar ta kasance a takardar da ta raka shi. Idan kuma aka yi rashin sa'a aka sace, ita ce abin da 'yan sanda za su iya aiki da shi.

Wanda ba shi da lambar kamfani sai ku yi masa taku. Ku zaɓi gajerun haruffan sunan makaranta da adadi, ku kai wa mai zanen suna a jikin ƙarfe, ya zana iri ɗaya a gidajen biyu. A jikin sanda mai kauri za a yi, ko a kan dunƙulen ƙarfen nan da ke bayan lanƙwasa wanda yake daidaita nauyi. Kada a taɓa faffaɗan baki ko bututun silaid, kuma kada a buga da guduma. Ka tsaya a kansa har ya gama.